Rumbu na Maigida, Tukunya ta Uwargida

Baƙon da aka sauke a zauren Bahaushe yakan ci ya ƙoshi, ya kwana ya tashi, har ya yi sallama bai ga inda aka dafa abin da ya ci ba. Yaro ne zai fito da kwano a rufe da faifai, ya durƙusa ya ajiye, ya koma ciki. Abin da ke bayan shigifa hurumin mata ne, kuma yana da dokokinsa waɗanda ba a rubuce suke ba, amma duk ɗan gidan ya tashi da saninsu. A can ake sanin wanda ke riƙe da hatsi, da wadda wuta ke hannunta yau, da kwanon da ake fara zubawa, da abin da aka adana saboda watannin da abinci ke wuya. Kayan aiki sun sauya ƙwarai a shekaru ɗarin da suka wuce: ƙwarya ta ba langa wuri, langa ta ba kula, murhun dutse kuma aka yi masa kishiya da risho da gas. Amma rabon aiki da rabon haƙƙi da aka gina girkin a kansu suna nan kusan yadda kakanni suka bar su.

Madafi da murhu

Wanda ya wuce zaure zai tarar da ƙofar gida, inda ɗakunan samari da turken dabbobi suke, sannan shigifa, sannan tsakar gida. Ɗakunan mata ne ke kewaye da tsakar gidan, turakar maigida a gefe, ga rumbuna, ga rijiya in akwai, makewayi kuma can ƙurya. Madafi kuwa, a yawancin gidajen karkara da tsofaffin unguwannin birni, 'yar rumfa ce ko ɗan ɗaki marar ƙyaure a wata kusurwa. Ba kullum ake shigarsa ba. Da rani a fili ake girki, a inuwar katanga ko ta darbejiya; sai ruwan damina ko iskar hunturu ke kora mai girki ciki. Rufinsa baƙi ƙirin yake da kunkunniya, kuma hayaƙin yana da ranarsa ga manomi: a nan yake rataye masara da kuɓewar iri, ƙwaro ba ya kusantarsu har lokacin shuka.

Murhun gargajiya duwatsu uku ne, ko curin ƙasa uku da aka busar. Ya dace da gidan da yawan bakunansa ke sauyawa daga yau zuwa gobe: a matso da duwatsun a ɗora 'yar tukunyar miya, a buɗa su a ɗora tukunyar suna. Da hannu ɗaya mai girki ke juya wutarta, ta iza itace in tana so ta ci, ta janye in tuwo ya kai turara. Ta kuma san halin kowane makamashi. Kara yana kamawa nan da nan ya mutu nan da nan, na koko ne da ɗumame. Ƙirya da marke suna daɗewa suna ci, su bar garwashi. A arewa, inda daji ya yi nisa, akan haɗa da sabara da busasshen kashin shanu. Toka ma ba a watsar da ita haka kawai. Da ita ake goge tukunya, a tace ta a sami ruwan toka na miya, a cuɗa ta da wake a ajiye, ragowar ta tafi juji ta zama taki.

Kafin ashana ta wadata, wuta abar nema ce a maƙwabta. Da sassafe za a aiki yarinya da tsingaro ta ɗebo garwashi, shi ya sa har yau in mutum ya shigo gida ya juya ko zama bai yi ba, akan tambaye shi ko wuta ya zo ɗiba.

Rumbu da awo

Da kaka, in an girbe gero da dawa an ɗaure su dami-dami, akan fara fitar da zakka, ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, sannan a kai saura rumbu. Akwai rumbun zana ko na kara, akwai kuma rufewa, ta ginin ƙasa, mai faɗin ciki da ɗan baki a sama, wadda ake kifa wa jinka. A ƙasar Adar, wajajen Tawa da Buza a Nijar, akan gina rufewar da ta fi ɗakin kwana girma. Ko wane iri ne, a kan duwatsu ko gungume ake ɗora shi saboda danshi da gara da ɓera, kaji kuma su riƙa fakewa a ƙarƙashi suna tsince duk ƙwaron da ya nufo. Hatsin da aka bari a zangarniyarsa ya fi sussukakke jure ajiya. Gero mai kyau yakan shekara biyu ko uku a rufewa bai lalace ba.

Rumbun gandu na maigida ne. Shi yake buɗewa, ko ƙanensa ko babban ɗansa da izininsa, kuma a ƙauyuka da yawa abin kunya ne mace ta leƙa rumbun mijinta, domin abin da ke ciki rufin asirinsa ne. Ita ma tana da nata. Abin da ta noma a gayaunarta, da wanda ta samu a kala bayan girbi, da wanda ta saya da kuɗin sana'a, tana zuba su a rahoniya a cikin ɗakinta ko a ɗan rumbunta na daban, miji ba shi da iko a kai. In ya ci daga ciki a shekarar wuya, ko dai kyauta ce ko rance.

Daga rumbun maigida ake fitar da awo. Kowace safiya, ko duk kwana biyu, zai fito da dami ko ya auna mudu kaza ya miƙa wa mai girki, ya haɗa da kuɗin cefane: gishiri, daddawa, mai, barkono, da nama in an samu. Ciyarwa wajibinsa ne a shari'a da al'ada, sarrafawa kuma nata ne. Ana yabon mace mai tattali, wadda awo ke auki a hannunta, ana kuma yabon namijin da ba ya ƙididdige tukunya. Wanda ya cika leƙa madafi yana tambayar ina sauran man jiya, ba a daɗewa labarin ƙwauronsa ya kai gidan biki.

Tsananin kula da rumbu yana da dalili. Tsofaffi sun gaji labarin yunwar Kakalaba ta 1914, waɗansu kuma sun ga farin 1973 da na 1984 da idonsu. Shi ya sa manomi kan liƙe rumbu bayan kaka, ya tafi cin rani, iyali su lallaɓa da abin da ya aiko, don hatsin ya kai damina, lokacin da ake noma kuma abinci ke tsada. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Babban abin alfahari shi ne sabon hatsi ya tarar da tsoho. A birni rumbu ya koma sito, dami ya koma buhun da aka sayo a kasuwar Dawanau, amma a gidaje da yawa har yanzu in ana so a san mai iko, sai a duba wanda makullin sito ke hannunsa.

Daga zangarniya zuwa malmala

Tsakanin dami da malmalar tuwo akwai aikin yini guda. A sussuke, a sheƙe ƙaiƙayi, a surfa da ɗan yayyafin ruwa, a bakace dusa a faifai, a wanke, a baza ya sha iska, a daka ko a niƙa a dutse, a tankaɗe. Kowane mataki yana barin abin da wani ke jira: dusa ta akuyar uwargida ce, ƙasari na tumaki, tsaki na dambu ko fate, abin da ya zube kuma na kaji. Mata biyu ko uku kan haɗu a turmi ɗaya, taɓare na sauka bi da bi, gwanaye har su cilla taɓarya sama su tafa kafin su cafe. Lugude ke nan, wanda ake jiyowa daga bayan gari. Injin niƙa ya ɗauke mafi nauyin wannan aiki, yanzu da wuya a sami gari mai kasuwa da ba a ganin layin kwanoni a gaban mai inji. Sai dai bai kori turmi ba. Fura sai an kirɓa, yaji sai an daka, jajjage ma mata da yawa sun fi yarda da na turmi.

Da hani ake koya wa yara girmama waɗannan kaya. Ba a zama a kan turmi, ba a dukan yaro da muciya ko tsintsiya, ba a shara da dare, budurwar da ke cin abinci a tukunya kuma akan ce ruwa zai tashi bikinta. Malamai sun daɗe suna cewa camfi ne. Duk da haka mai lura zai ga tarbiyya a ciki: abin da ake zuba abinci ba kujera ba ne, mai shara a duhu kuwa tana iya share allura ko kuɗi, ko ta taɓo kunama.

Tuƙin tuwo shi ne jarrabawar 'ya mace. In ruwa ya tafasa, a dama gari da ruwan sanyi a zuba a yi talge. In talgen ya nuna, a riƙa zuba gari ana tuƙawa da muciya har ya yi tauri daidai, a rage wuta a rufe ya turara, a sake tuƙawa, sannan a kwashe da mara ana tsoma ta a ruwa don kada ya manne. Tuwon dawa yana son kanwa ko ruwan tsamiya. Miyar kuka ana kaɗa ta da maburgi, a hankali ake barbaɗa garin don kada ta yi gudaji. Tuwo mai gudaji da miya mai ƙauri su ne abin da uwar miji ke fara gani, ko ba ta ce komai ba.

Ranar girki

A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, girki kwana bibbiyu ne a mafi yawan wurare, kuma tare yake tafiya da kwana. Wadda ke da girki ita ake miƙa wa awo da cefane, ita ke da sharar tsakar gida, da ruwan wankan maigida, da turaka. Ranar da ta fita girki ta sami kanta, ta yi kitso, ta je unguwa da izini, ta fuskanci sana'arta. Shiga girkin wata ba tare da yardarta ba babban laifi ne, ko da ruwan zafi ne aka kai wa maigida. Rigingimun gida da yawa da ake kaiwa gaban iyaye daga nan suke tasowa. Amarya tana da kwana bakwai in budurwa ce, uku in bazawara ce, kuma a kwanakin farko ba ta taɓa muciya. Daga gidansu ake kawo abinci, ko uwargida ta dafa. Ranar da ta kama girki rana ce da gida duka ke sa ido.

Rabon tuwo ma yana da jeri. Kwanon maigida ake fara zubawa, da miya a kwano na daban da tsokar da ta fi kyau, sai na iyayensa in suna gidan, sai na baƙi, sai samari, sai yara, mai girki a ƙarshe. A unguwannin da ake ciyayya, magidanta kan haɗu bayan magariba a zaure ɗaya ko a kan dakali, kowa a fito masa da kwanonsa, a ci na wannan a koma na wancan. Ta haka wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba yake ci ba tare da kowa ya nuna ya gane ba, ta haka kuma kowace mace ta san maƙwabta za su ɗanɗana hannunta. Ana ajiye na almajirin gida, ana aika wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da mai jego, yaron da ya kai kuma ya dawo da ɗan tukuici. Abin da ya kwana ya zama ɗumame. Ƙanzon gindin tukunya a kankare a shanya, wata rana a jiƙa shi a kwaɗa da ƙuli-ƙuli.

Randa, ragaya da shanya

Ruwan sha a randa yake, an kafa gindinta a yashi mai danshi a inuwa, an rufe da faifai, moɗa a kai. Jikin randa yana tsattsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska na busar da shi, na ciki yana yin sanyi. An san tukwanen Gwari da kyau, ga hoton maginiyar tukwane Ladi Kwali nan a bayan takardar naira 20, a Damagaram kuma ana ji da na Mirriya. A kan wannan tsohon sani ne wani malami daga Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya gina dabarar sa ƙaramar tukunya a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir da gauta da alayyafo da ke yaushi cikin kwana biyu ko uku sai suka riƙa daɗewa, aikin kuma ya samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000.

Abin da ake tsoron kyanwa ko ɓera ko tururuwa su taɓa, ragaya ake ɗora wa. Igiya ce saƙaƙƙiya da ke rataye a rufin ɗaki, ta ɗauki ƙwaryar nono, da ta fura, da ragowar miya, sama da hannun yara. Amma babbar hanyar ajiya ita ce shanya. Lokacin da kaya suka yi araha, tsakar gida da rufin soro sukan cika da tabarmi: yankakkiyar kuɓewa, kauɗar tumatir, tattasai, barkono, ganyen kuka, karkashi, lalo, zogale, zoɓo. Kowanne in ya bushe a ƙulle shi a tsumma ko a zuba a tulu ko gwangwani. Daddawa ma ajiya ce: a dafa kalwa ta yi laushi, a surfe ɓawon, a sake dafawa, a rufe ta kwana biyu ko uku ta ruɓa daidai, a kirɓa, a faɗaɗa, a shanya. Matar da ta yi shanyarta da kaka ba ta jin tsadar kayan miya da bazara yadda maƙwabciyarta ke ji.

Naman layya kuwa soya shi ake yi har ruwansa ya ƙone, a zuba a kwalla da kitsensa, ya yi watanni ana gutsura. Gidaje da yawa sukan ware wani yanki musamman don daren cika-ciki a watan Muharram. Wake ne mai wuyar sha'ani, don ƙwaronsa tun daga gona yake biyo shi. A da toka da yashi da barkono ake cuɗa masa, daga baya aka koma jarka da duro masu murfi, waɗansu kuma suka shiga zuba maganin ƙwari, abin da ya sha jawo ciwo ga masu ci. Tun daga 2007 aka fara yaɗa buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da takwarorinsu na Kamaru da Nijar: leda biyu masu kauri a cikin buhun saƙa, a ɗaure kowace daban, iska ta ƙare wa ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba.

Sana'a da jere

Murhun da ke dafa tuwon gida shi ne kuma jarin matar gida. Ƙosai, waina, ɗanwake, alala, awara, taliya 'yar murji, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, fura, duk daga tsakar gida suke fita a kan yara 'yan talla, ko masu saye su aiko. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna yadda kasuwa sukutum ke ci a cikin gidaje ba tare da rumfa ko ɗaya ba. Kuɗin na matar ne. Ko mijinta ne ya so ƙosai, saye yake yi. Ribar takan shiga adashi, adashin kuma mafi yawa yana ƙarewa ne a kayan ɗakin 'ya.

Tun yarinya tana ƙarama uwa ke tara mata kwano ɗaya-ɗaya. A zamanin kakanni jeren amarya ƙore ne masu zane, da akusa, da faya-fayai masu launi, da ludaya, masu hali kuma su ƙara da tasoshin tagulla irin na Bida. Mai son ganin irin wannan ɗaki yana iya zuwa gidan tarihi na Gidan Makama a Kano. Zamanin Turawa ya kawo kwanonin langa masu fure, da kumbo da fanteka da samira, aka riƙa jera su bisa juna tun daga ƙasa har kusa da rufi. Bayansu kabet mai gilashi ta zo da tangaran, yanzu kuma kuloli ne da setin faranti da na'urorin lantarki, waɗanda a Kano ake sayowa a kasuwar Rimi ko Sabon Gari, robobi kuma a Ƙofar Wambai.

Kwana ɗaya ko biyu kafin a kai amarya, 'yan uwanta mata ke zuwa jere, dangin ango su shigo kallo, kowa yana lissafi a zuci. Bayan biki a kawo gara: buhunan abinci, mai, alkaki, nakiya, dubulan, don amarya ta shiga gidan miji da ƙarfinta. Yawancin kayan jere ba a taɓa cin abinci a cikinsu. Dukiya ce a idon jama'a, ana sayar da ita ranar matsi, ana ɗiba a aurar da ƙanwa ko 'ya, in aure ya mutu kuma mace ta kwashe abinta har tsintsiya. Inda abin ke ɓaci shi ne gasa, inda talaka ke cin bashi don ya yi jere irin na attajiri. Dattawa sukan tuna wa iyaye cewa ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe.

Gyaran madafi, jiya da yau

A gidan ƙasa gyara aikin kowace shekara ne, kuma kafin ruwan farko ake yinsa. Maza su kwaɓa ƙasa su yi yaɓe, su gyara indararo, su baibaye rumfa da jinkar rumbu. Daɓe kuwa na mata ne. Mai ɗaki ta kira gayya, a baza tsakuwa da ƙasa, a yayyafa ruwa, a jeru da madaɓai ana bugu ana waƙa, a ƙarshe a shafe da ruwan makuba da aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, ƙasa ta yi ja ta yi santsi. Ƙwaryar da ta tsage gyartai ya ɗinke, tukunyar ƙarfe da ta huje a kai wa maƙera. A Panteka ta Kaduna da kasuwar Katako ta Yamai har yau ana narka tsohon alminiyam a zuba sababbin tukwane.

Murhu ya bi zamani da tsadar makamashi. An yi kurfoti na gawayi, an yi risho lokacin da kananzir ke da araha. Da ya yi wuya a shekarun 1990 sai aka ƙera murhun da aka laƙaba wa sunan Abacha. A Nijar tun shekarun 1980 ake yaɗa murhun Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na ƙasa don rage cin itace. Gas ya shiga gidajen birni sosai, amma da rayuwa ta yi tsada bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a 2023, gidaje da yawa sun koma gawayi. Komawar tana da illa ga daji da kuma ƙirji: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 a duniya kowace shekara, kuma mata da goyonsu ne suka fi shaƙarsa.

Gyaran kicin na zamani yawanci biki ne ke kawo shi, kuma tsohon rabo ake bi: gini na ango, abin da ke ciki na amarya. Shi zai sa tayil da fenti da famfo da kanta, danginta su turo kafinta ya auna bango ya haɗa kabet. Matsalar ita ce sau da yawa zanen daga hoton waya ake kwafo shi, daga ƙasashen da ba a tuƙa tuwon mutum goma sha biyar. Sai a sami kicin mai ƙyalli da 'yar taga guda, babu sito, babu inda za a jingine buhu. Taɓarya ta fasa tayil. Katakon kabet na matsattsen gari ya sha ruwa ya kumbura, kyankyaso ya tare a bayansa. Tukunyar gas tana ciki a rufe babu iska. Firij kuma, inda wuta ba ta zama, ya koma ma'ajiyar kwanoni. Shi ya sa ko a manyan gidajen sababbin unguwanni za ka tarar da madafi na biyu a baya, da murhun gawayi da turmi da manyan tukwane, kuma a nan ake girkin suna da na azumi da na Sallah, a nan ake dafa ruwan wankan jego. Matan gidan haya da na bene, waɗanda ba su da bayan gida, su ne suka fi shan wahalar wannan rashi.

Gyaran da ke ɗorewa shi ne wanda aka fara da tambayar mai girki, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Baki nawa take ciyarwa, kuma nawa suke zama ranar taro? Ina za ta yi daka, ina za ta yi shanya? Buhu nawa ake saye da kaka, kuma a kan me za a ɗora su don kada su sha danshi? Ta ina hayaƙi zai fita? In mata biyu ne, kowace tana da inda za ta kulle nata? Amsoshin ba su da tsada: babbar taga, dakalin siminti a waje don turmi, sito mai iska da katako a ƙasa, tukunyar gas a wajen bango, rumfa a baya. Maginin da ya zauna da uwargida rabin sa'a kafin ya ɗora bulo zai rage wa maigida kuɗin fasa gini a shekara mai zuwa.